Tsohon da Yake Dannawa a Biyu

Duk wanda ya yi karatu a jami'ar nan cikin shekara ashirin da shida da suka wuce yana da abu ɗaya da ba zai yarda surukansa su gani ba, wato katin shaidarsa na ɗalibi. Ba sunan ne abin kunya ba, ba lambar ba. Hoton ne. Hoton kuma aikin mutum ɗaya ne, wani dogon tsoho mai ƙaton hanci da kowa ke kira Ɗaya-Biyu.

Ofishinsa yana ƙasan bene a ginin sashen kwamfuta, ƙofar ƙarshe kafin banɗaki. Ɗaki ne da in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya fita kafin sauran su numfasa. A ciki akwai kujera mai juyawa da ta daina juyawa tun tuni, da farin ƙyalle a bango, da kyamara a kan ƙafa uku, da kwamfuta, da injin buga kati wanda sai ya yi tari sau biyu yake tofo kati ɗaya. Ɗalibi zai zauna, tsohon ya sunkuya ya leƙa, ya ce, "Zan ƙirga uku. Ɗaya. Biyu." Sai haske ya walƙa. Ukun nan ba wanda ya taɓa jin ta.

Saboda haka aka cika jami'a da hotunan mutane suna shirin a ɗauke su hoto. Wannan yana lasar leɓe, waccan tana gyara ɗankwali, wani ido ɗaya a rufe ɗaya yana neman agaji. Wani shugaban jami'a da aka yi, mutum mai ji da kansa, an kama shi yana kan hanyar atishawa, kuma haka ya rataya katin a wuya shekara biyar yana shugabantar taro. Tsofaffin ɗalibai sukan gargaɗi sababbi su shirya fuska tun daga ɗaya. Waɗanda aka gargaɗa su suka fi kowa muni, domin sukan sandare su zaro ido kamar an taka musu ƙafa.

An kai ƙararsa ba sau ɗaya ba, har takarda an rubuto masa. Ko a jikinsa. Amsarsa ɗaya ce ga kowa, daga mai shara har farfesa: "A uku mutum fuskar aro yake sawa. A biyu yana nan da tasa. Mai gadin ƙofa kuma taka yake gani da safe, ba ta aro ba."

Ba da kwamfuta ya fara ba. Yana saurayi ya koyi aiki a wani shagon hoto, lokacin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu, hannu yana warin sinadari har a wajen cin abinci. Wata rana wani mai sayar da katako ya zo ɗaukar hoto, ya sha babbar riga, yana ta kumbura ƙirji. Yatsan saurayin ya zame a biyu, kuma fim ɗin ƙarshe ke nan. Ya kwana da fargabar zagi. Da matar mutumin ta zo karɓa, ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ce, "To, wannan dai mijina ne. Wancan da ke rataye a ɗakinmu ban san ko wane ne ba." Tun daga ranar bai sake kaiwa uku ba.

Daga shagon ya koma gindin wata bishiya a bakin ƙofar jami'a, ya ɗaure ƙyallensa a reshe, yana ɗaukar masu cika fom. Da jami'a ta sayo injin kati, masana kwamfuta suka ce ai ɗaukar hoto ba aiki ba ne, za su yi da kansu. Suka yi mako guda suna yanke wa mutane kai daga goshi. Sai aka aika a kira mai gindin bishiya. Ya koyi kwamfuta da yatsa ɗaya, har yau da shi yake aiki, sauran tara suna kallo.

A kowace shekara, makon karɓar sababbin ɗalibai, shugaban sashen yakan tsaya a babban zaure ya lissafa musu abin da jami'a ta tanada: adireshin imel ga kowa, shafin rajistar darussa, intanet kyauta a laburare da ɗakunan kwana, ɗakin kwamfutoci, wurin buga takardu, da tagar da za ka je ka yi ƙaryar ba kai ka manta lambar sirrinka ba. Ba mai saurare. Abin da suke jira kawai a faɗi lambar shiga intanet su rubuta a tafin hannu. A ƙarshe sai a ce, "Katin shaida kuma, ku sauka ƙasan bene." Nan tsofaffin ɗaliban da ke bayan zaure sukan fashe da dariya, sababbin su yi ta waige ba su san dalili ba.

Dubban yara sun ce masa Baba, irin Baban da ake ce wa duk mai furfura. 'Ya'yansa maza biyu ma, ɗaya makanike ɗaya direba, haka suke kiransa. Mutum ɗaya ce a duniya take ce masa Abba, ita ce Auta. Ita ce kuma kaɗai ta ɗauko hancinsa. Mazan sun tsira, sun bi uwarsu. Ita kuwa an sauke mata shi cif, ba ragi, yadda shi ma ya karɓa daga ubansa.

Tana 'yar shekara biyar uwarta ta zo da ita ofis kawo masa abincin rana. Ta haye kujerar, ƙafafunta suna lilo, ta ce a ɗauke ta.

"Wannan kujerar ta 'yan jami'a ce," ya ce mata. "Ranar da kika shigo da takardarki, ni zan ɗauke ki."

Ta yi kuka, ta yi birgima a ƙasa, bai ɗauka ba. A gida yana da hotunanta cike da akwati, amma a kan wannan kujerar ko ɗaya. Matarsa takan ce ba ta taɓa ganin uban da ya yi shekara goma sha uku yana tanadin ranar da zai ɓata wa 'yarsa hoto ba. Shi dai yakan yi murmushi. Bai taɓa shiga aji a jami'ar da ya tsufa a cikinta ba, kuma ba abin da yake so a duniya kamar ya leƙa kyamararsa ya ga jininsa a kan wannan kujerar.

Allah da ikonsa, shekarar da Auta ta samu gurbi ita ce shekararsa ta ƙarshe kafin ritaya. Ya kwance ƙyallen ya kai gida aka wanke, ya goge shi da kansa. Ya ɗiga wa kujerar mai, ta yi ƙara ta juya rabi, ta sake tsayawa.

Sai Injiniya ya sauko. Shi ne sabon shugaban sashen, saurayi mai waya biyu, wanda ba ya gama magana a ɗaya sai ɗayar ta kira.

"Baba, bana mun hutar da kai," ya ce daga bakin ƙofa. "Kowane ɗalibi zai ɗora hotonsa daga wayarsa, a buga masa kati a sama. Mun kuma sa na'ura a ƙofar laburare da ɗakin kwamfutoci. Tana kallon fuskar mutum ta gwada da hoton katinsa. In sun yi daidai ta buɗe."

"Ni kuma fa?"

"Kai ne na masu matsala. Ba za su yi yawa ba."

"Ita na'urar a nawa take dannawa?"

"Ba ta ƙirga, Baba," Injiniya ya ce, ya amsa waya ya haura.

Wannan bai dame shi sosai ba, domin a ransa ko duk jami'a ta guje shi, mutum ɗaya za ta zo. Washegari da safe suna shan shayi, Auta ta yi ta juya cokali a kofin da babu sauran sukarin da zai narke.

"Abba, in mun haɗu a makaranta... ka dai san yadda mutane suke."

"Ban sani ba. Yaya suke?"

"Duk wanda na haɗu da shi sai ya ba ni labarinka. Har waƙa suke yi maka. Ka yi kamar ba ka gan ni ba. Na ɗan lokaci ne, kafin in saba."

Uwarta ta ajiye buta. "Ke, kina jin abin da yake fita daga bakinki kuwa?"

"Ƙyale ta," ya ce. "Hoton fa, yaushe za ki sauko?"

"Ai na ɗora tun jiya."

Ta miƙa masa wayar. Ya nisanta ta da idonsa, ya kusanto da ita. Wata kyakkyawar yarinya ce, fata sumul, idanu manya, da wani ɗan hanci siriri da ko tabarau ba zai iya riƙewa ba.

"Ina hancin?"

"Abba, kowa haka yake yi. Manhajar waya ce take ɗan gyarawa."

"Wannan ba gyara ba ne, kwashewa ce," uwarta ta ce da ta leƙa.

Ya mayar mata da wayar, ya shanye shayinsa da zafinsa, ya ɗauki hula. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma bai san wanne ya fi ba, cewa ta ƙi kujerarsa ko cewa ta goge shi daga fuskarta. Amma ya ce mata ya ji, zai kiyaye.

Mako biyu ofishin nan shiru. Ya goge gilashin kyamara har ya fara tsoron zai huda shi. Waɗanda suke leƙowa masu neman banɗaki ne, ko waɗanda suka manta lambar sirri, ya nuna musu tagar da ke gaba. Kusan kullum da hantsi yakan hango Auta ta taga, tana wucewa da wata doguwar ƙawarta mai tabarau, wadda ba ta rufe baki. Auta takan sami wani abu mai muhimmanci a wayarta daidai saitin tagar. Shi kuma ya sami wani abu mai muhimmanci a aljihun tebur.

Ranar Litinin ta mako na uku aka kunna na'urar.

Kafin ƙarfe goma bakin laburare ya zama kasuwa. Tsofaffin ɗalibai, masu hotunan lasar leɓe da rufaffen ido, suna zuwa fitila take yin kore su wuce abinsu. Sababbi kuwa, ja bayan ja. Wanda ya ƙara wa kansa gemu, wadda ta rage kumatu, wanda ya haska kansa har uwarsa ba za ta shaida shi ba, duk na'ura ta ce ba ta san su ba. Wani ya tsaya yana rantsuwa cewa shi ne. Mai gadin laburare ya dubi katin ya dube shi ya ce, "Ɗana, ni ma da na'urar nake."

Injiniya ya sauko da gumi, wayoyinsa biyu suna kuka tare.

"Baba, ka taimaka. Sun kai ɗari takwas."

Ɗaya-Biyu ya kurɓi shayi, ya ajiye kofin a hankali, ya gyara masa zama a kan tebur. "Ka ce ba ta ƙirga," ya ce, "amma dai tana da hankali. Turo su."

Layi ya tashi daga ƙofarsa ya wuce banɗaki, ya fita waje ya zagaye wurin ajiye babura. Tsohon ya dawo da ƙuruciyarsa. Ɗaya, biyu, haske. Ɗaya, biyu, haske. Injin kati yana tari yana tofowa, yara suna karɓa suna salati, su tafi na'ura ta buɗe musu ba gardama. Ya ji daɗin kwanakin nan, ba zai ɓoye ba. Sai dai duk sanda ya ce "Na gaba," yakan ɗaga kai da sauri fiye da yadda aikin yake buƙata.

Auta ba ta zo ba. Litinin ta wuce, Talata ta wuce. Matarsa ce take kawo masa rahoto.

"Malam, 'yarka fa na kama ta gaban madubi tana matse hanci da yatsu. Wai in ta ɗan karkata kai ta riƙe numfashi, na'urar za ta yarda. Sau shida ta gwada, sau shida aka koro ta."

Ranar Alhamis da rana za a yi musu gwajin farko a ɗakin kwamfutoci, kuma wanda ƙofa ba ta buɗe wa ba ya rasa shi ke nan. Laraba da yamma Auta ta same shi a tsakar gida yana wanke ƙafa.

"Abba, ba za ka ɗauke ni a nan gida ba, gobe ka sa a kwamfutar?"

"Kyamarar a haɗe take da kwamfutar ofis."

"To in zo da sassafe kafin mutane?"

"Mutane tun shida suke kama layi. Ki zo ki bi. Ba zan nuna na san ki ba, na riga na faɗa miki."

Rabin maganar gaskiya ce. Yana da makulli, yana iya buɗewa ƙarfe biyar da rabi. Matarsa ta harare shi ta gefen ido, ya yi kamar sabulu ne ya shige masa.

Ta zo wajen sha ɗaya, ita da Mai Tabarau, wadda ita ma na'ura ta ƙi saboda ta cire tabarau ta kuma ƙara wa kanta gira. Ya gan su tun suna bakin banɗaki, ya yi ta ɗaukar mutane bai san me yake ɗauka ba. Da layi ya iso kanta, ta shigo kanta a ƙasa ta zauna. Kujerar ta yi 'yar ƙara.

"Suna?" ya ce, idonsa a kan allo.

Ta faɗi sunan da shi da kansa ya zaɓa mata. Ya buga shi da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi, kamar yau ya fara jin sa.

"Lambar rajista?"

Ta faɗa.

Mai Tabarau ta jingina da ƙofa, ta yi irin raɗar da ake ji har waje. "Ki shirya tun daga ɗaya, an ce mugun tsoho ne. Ji hancinsa don Allah. Shi ya kamata manhaja ta fara taimaka wa."

Layin ya ɗauki dariya. Tsohon ya saba, ya ji wadda ta fi wannan. Ya sunkuya ya leƙa kyamara.

Ga ta nan a gaban farin ƙyallen da ya goge da hannunsa. Ƙafafunta yanzu suna taka ƙasa. Ta damƙe jakarta a cinya, tana ta karkata kai tana neman kusurwar da hancin zai ragu, idanunta sun cika da ruwa tana ƙoƙarin kada ya zubo. Shekara goma sha uku yana jiran wannan kallon, kuma da ya zo bai ji daɗinsa ba ko kaɗan. Tausayinta ya ji, da kunyar kansa da ya sa ta bin layi. Yarinya ce, shekara huɗu za ta yi da katin nan a wuya. In fuskar aro take so, to ta samu.

"Zan ƙirga uku," ya ce. "Ɗaya."

Ta sandare.

"Biyu."

Ba haske.

Dariyar layin ta tsaya. Wani ya ce ko kyamarar ce ta lalace. Wani tsohon ɗalibi da ya rako ƙanensa ya leƙo ta saman kawunan mutane.

"Gyara zamanki, 'yan mata," tsohon ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ɗaga haɓa kaɗan. Ki yi yadda kike so. Zan jira ki, sai in ce uku."

"Wallahi shekarata huɗu a nan ban taɓa jin haka ba," tsohon ɗalibin ya ce.

Auta ta daina karkata kai. Ta dubi kyamarar, ta dubi yatsan da ke kan maɓallin. Tun tana rarrafe take jin zancen fuskar aro a gidansu. Ta san ko shugaban jami'a bai samu ukun nan ba, ta kuma san abin da yake shirin ba ta a gaban mutanen da suka gama yi masa dariya.

"Abba," ta ce da ƙarfi, yadda har na bakin banɗaki suka ji, "a biyu ake dannawa."

Yatsan da ya yi shekara ashirin da shida yana aiki ɗaya bai jira ta rufe baki ba. Haske ya walƙa.

"Abba kuma?" Mai Tabarau ta ce.

"Goge tabaran naki ki dubi hancinsa, ki dubi nawa."

Mai Tabarau ta duba. Duk layin ya duba, har da masu ɗaga ƙafa. Ba wanda ya nemi ƙarin bayani.

Injin ya yi tari sau biyu ya tofo katin. Ɗaya-Biyu ya ɗauka ya kalla, kuma a duk tsawon aikinsa bai taɓa fitar da hoto mai muni kamar wannan ba. Baki a buɗe, gira a haɗe, ido ɗaya da hawaye, hanci ya cika tsakiyar kati ba mai ce masa matsa. An kama ta tana cikin kiransa.

"Abba, wannan ai zalunci ne," ta ce da ta karɓa.

"In sake?" ya tambaya. Bai taɓa yi wa wani mahaluki wannan tambayar ba.

Ta ɗan ƙara kallon katin. Sannan ta zura shi a igiya ta rataya a wuya, hoton yana kallon waje.

"Bar shi. Mama ta ce ka manta maganinka a kan tebur, yana jakata. In na fito gwaji zan kawo maka."

Ta ratsa layin ta fita. Ya juya baya ya daɗe yana gyara ƙyallen da ba abin da ya same shi, ya ce hasken nan ya fara damun idonsa, dole ya ga likita. Da ya juyo, Mai Tabarau ta riga ta zauna a kujerar, ta haɗa gwiwoyi, ta yi laƙwas.

"Baba, ka yi haƙuri. Wallahi ban sani ba."

"Ba komai, 'yata, ai ƙuruciya ce," ya ce, ya sunkuya ya leƙa kyamara. "Kwantar da hankalinki. Zan ƙirga uku. Ɗaya."

Haske ya walƙa.